Jinjina ga Masu Tace Amo

Duk wanda ya halarci biki a cikin Hausawan birnin Wagadugu, ya ji yadda mai fiyanon lantarki yake fitar da muryar algaita da ta sarewa daga akwati guda, haƙiƙa ya san akwai hikima a nan wadda ta cancanci yabo. Asalin amon da na'urar take haifarwa kaushi gare shi, domin cike yake da siraran muryoyi masu tsini da ke hawa bisa uwar murya. Sai gwani ya bi da shi ta matata, ya murɗa maɓalli sannu a hankali yana zubar da masu tsinin, kamar mai tankaɗe gari, har amon ya yi taushi, in kuwa ya buɗe ta sai ya yi kaifi ya keta hayaniyar taro. Robert Moog na Amurka ya sami shaidar mallakar irin wannan matata a 1969, makaɗi Mamman Sani kuma ya naɗi kiɗansa na lantarki a Yamai a 1978. Amma a ganina falalar aikin tana ga kunnen makaɗi, wanda shi ne ke hukunta inda za a tsai da maɓallin. Allah ya ƙara musu basira.