Shuka Ba Bisa Lokaci Ba: Tarken Finafinai Uku Na Watan Yunin 1982

Gabatarwa

Sau da yawa idan muka haɗu a taron marubuta aka zo maganar wani littafi ko wani fim, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne na kasuwa. Sai ka ji an ce, "Ai bai yi kasuwa ba," daga nan kuma an rufe maganarsa ke nan, an kakkaɓe hannu an tashi. Wannan al'ada ce muke son mu ɗan taɓa a wannan fitowa, ta hanyar duba abin da ya sami finafinai uku a Amurka cikin watan Yuni na shekarar 1982. Abin da muke son mu tabbatar wa mai karatu shi ne, kuɗin ƙofa da fim ya tara suna auna haɗuwar aikin ne da ranar da aka fito da shi. Manomi ya san cewa iri komai kyansa, idan aka yi shukarsa da ruwan yaudara, sai ya ƙone a ƙasa, kuma mai hankali ba zai ɗora wa irin laifi ba.

Yadda kasuwar take

Kafin mu shiga cikin finafinan, ya kamata mu fahimci yadda kasuwar take. A Amurka, daga watan Yuni zuwa Agusta ɗalibai suna dogon hutu, saboda haka lokacin ne kakar masu sinima. Sai dai gidajen sinima suna da iyaka, haka ma kuɗin da ke aljihun magidanci. Mai gidan sinima kuwa ɗan kasuwa ne, idan ya ga kujerunsa ba su cika ba a mako na farko da na biyu, sai ya sauke fim ya ɗora wanda ake layi dominsa. Ke nan fim ɗin da yake buƙatar a kalle shi a je a kwana da shi a zuciya, sannan a gaya wa aboki, ba ya samun wannan sarari. Bugu da ƙari, masu gidajen sinima suna ɗaukar kaso mai tsoka daga kuɗin ƙofa, wato fim ɗin da ya tara daidai abin da aka kashe masa, a haƙiƙa faɗuwa ya yi.

A ranar 11 ga Yuni, 1982, kamfanin Universal ya fito da fim ɗin Steven Spielberg mai suna E.T. Labari ne na wani ɗan ƙaramin baƙon halitta daga wata duniya wanda 'yan'uwansa suka tafi suka bari, wani yaro ya ɓoye shi a gida, suka shaƙu, har ya taimake shi ya koma garinsu. An kashe masa kimanin dala miliyan 10 da rabi, ya tara dala miliyan 359 a Amurka kaɗai a wannan zagaye, ya ture Star Wars daga matsayin fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi, ya kuma riƙe wannan kambi har shekarar 1993. Mu tuna kuma cewa a lokacin Amurka tana cikin matsin tattalin arziki, marasa aikin yi sun haura kashi 9 cikin ɗari a watan Yuni, kafin ƙarshen shekara sun kai kashi 10.8. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, idan ya sayi tikiti, sanyin zuciya yake nema, E.T. kuwa ya ba shi.

Baƙi biyu, kamfani ɗaya

Mako biyu cif bayan haka, ranar 25 ga Yuni, sai shi dai wannan kamfani na Universal ya fito da The Thing na John Carpenter. Shi ma labarin baƙon halitta ne daga wata duniya, amma wannan baƙon ba na shimfiɗa wa tabarma ba ne. Mutum goma sha biyu ne, dukkansu maza, a wani sansanin bincike cikin ƙanƙarar Antatika. Wani kare ya shigo musu a guje, ashe halittar ce ta ɗauki siffarsa, kuma duk wanda ta kama sai ta koma kamanninsa sak, har murya da ɗabi'a. An ɗauko labarin ne daga wani gajeren littafi na John W. Campbell na shekarar 1938.

A ganinmu jigon wannan fim shi ne rushewar amana. Dodon da ake gani yana tsaga jiki ba shi ne ke hana mai kallo barci ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ganin abokan zama suna kallon juna, kowa yana zargin na kusa da shi. Wurin da tauraron, wanda Kurt Russell ya fito a madadinsa, ya sa aka ɗaure sauran, yana gwada jinin kowa da waya mai zafi, darasi ne ga duk marubucin da ke son ya koyi yadda ake jan zaren fargaba ba tare da yawan surutu ba. Ƙarshen fim ɗin kuma bai warware komai ba: mutum biyu ne suka rage a zaune cikin sanyi, sansani yana ci da wuta, babu wanda ya san ko ɗan'uwansa mutum ne.

To, mai karatu ya auna. Jama'ar da suka fito daga kallon E.T. da hawayen tausayi, su ne aka ce su dawo bayan mako biyu a nuna musu cewa baƙo abin tsoro ne, maƙwabci ma haka. Ga shi an sa wa fim ɗin alamar da ta hana wanda bai kai shekara 17 ba shiga sai da babba, alhali kuwa lokacin hutun yara ne. Sakamakon bai ba da mamaki ba. A makon farko ya zo na takwas, bayan mako uku ya fice daga jerin goman farko, ya tashi da dala miliyan 19.6 a kan miliyan 15 da aka kashe. Carpenter ya rasa aikin ba da umarnin fim ɗin Firestarter da kamfanin ya riga ya tanadar masa. Abin lura a nan shi ne, wannan mutumin ne ya yi Halloween da kuɗin da ba su kai dala dubu 400 ba, aka fito da shi a ƙarshen Oktoban 1978, daidai lokacin da Amurkawa ke bikinsu na dodanni, ya tara fiye da dala miliyan 40 a ƙasar. Gwanintarsa ba ta ragu ba cikin shekara huɗu, kalanda ce ta sauya.

Ranar sa'a

A wannan rana dai ta 25 ga Yuni kamfanin Warner Bros ya fito da Blade Runner na Ridley Scott, wanda aka gina a kan littafin Philip K. Dick na shekarar 1968. An ruwaito cewa Alan Ladd ƙarami, wanda kamfaninsa ke cikin masu ɗaukar nauyin fim ɗin, shi ya zaɓi ranar, saboda Star Wars da Alien duk ranar 25 ga Mayu suka fito, a 1977 da 1979, don haka ya ɗauki 25 ga wata ranar sa'arsa. Wato an bar duba kasuwa an koma duba camfi.

Shi wannan fim ya zo da wata matsalar ta daban. Tauraronsa Harrison Ford ne, wanda shekara guda kafin nan jama'a suka gani a Raiders of the Lost Ark yana tsalle-tsalle da barkwanci. Da wannan tsammani suka shiga sinima, sai suka tarar da birnin Los Angeles na shekarar 2019 cikin duhu da ruwan sama marar yankewa, da wani gajiyayyen ɗan sanda da aka tilasta wa farautar mutanen da aka ƙera a masana'anta, waɗanda aka yanke musu shekara huɗu kacal a duniya. Tafiyar labarin a hankali take, tambayar da yake yi kuma mai nauyi ce: mene ne ya sa mutum ya zama mutum, idan har ƙerarren da ake farauta shi ne ya ji tausayin mafaraucinsa ya ceci ransa? Tun kafin a fito da shi masu kuɗin suka tsorata da abin da 'yan kallon gwaji suka faɗa, suka sa aka ɗora muryar tauraro tana bayani, aka kuma liƙa ƙarshe mai daɗi. Wannan kwaskwarima ta rage wa fim ɗin armashi, ba ta kuma jawo 'yan kallon E.T. ba. An kashe kusan dala miliyan 30, abin da ya tara a Amurka a wannan zagaye bai kai haka ba.

Shin laifin lokaci ne kaɗai?

Adalci ya wajabta mana mu kawo abin da zai iya rushe hujjarmu. A ranar 4 ga Yunin nan aka fito da Poltergeist, fim na ban tsoro, da kuma kashi na biyu na Star Trek, kuma dukkansu sun yi kasuwa duk da zuwan E.T. Ashe ke nan giwa ba kowa ta taka ba. Haka kuma masu sharhi na lokacin da suka soki The Thing da yawan jini da ƙyama, suka soki Blade Runner da nawa, ba ƙarya suka shara gaba ɗaya ba.

Sai dai idan muka dubi waɗanda suka tsira, za mu ga sun dace da kakar. Poltergeist labarin iyali ne da suka haɗa kai suka ceto 'yarsu, an kuma yarda yara su shiga. Star Trek yana da masoyansa tun daga talabijin. Waɗanda suka faɗi su ne masu ɗaci, masu barin tambaya a buɗe. Saboda haka rashin dacewar lokaci ya wuce cin karo da babban fim kawai; ya haɗa da kai wa mutane abin da ransu bai shirya karɓa ba a wannan lokaci. Aikin da ya fi nauyi shi ya fi buƙatar a zaɓa masa rana da hankali.

Hukunci na biyu

Abin da ya ceci waɗannan finafinai biyu shi ne kaset ɗin bidiyo da talabijin, inda babu mai gidan sinima da zai sauke su bayan mako uku. A hankali suka sami masu kallo. A 1992 aka sake fito da Blade Runner ba tare da muryar bayani da liƙaƙƙen ƙarshen nan ba, a 1993 aka shigar da shi rajistar finafinan da Amurka ke adanawa don tarihi, a 2017 kuma aka yi masa ci gaba. The Thing ma ya koma cikin finafinan ban tsoro da manazarta suka fi girmamawa. Amma kada wannan ya rarrashe mu fiye da kima. Yabon da ya zo bayan shekaru bai mayar wa Carpenter aikin da ya rasa ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, darasi biyu muke son mu ɗauka. Na farko ga mai tarke: kafin ka ce aiki ya gaza don bai yi kasuwa ba, tambayi ranar da ya fito, da wanda ya fito tare da shi, da halin da jama'a ke ciki. Na biyu ga mai ƙirƙira: mu ma nan gida mun san 'yan fim suna riƙe manyan ayyukansu sai bikin Sallah, mun san aljihun manomi a tsakiyar damina ba ɗaya yake da aljihunsa da kaka ba, mun san hankalin jama'a a cikin azumi yana wani wurin. Duk da haka sai ka ga marubuci ya shafe shekara biyu yana gyaran littafi, amma ranar ƙaddamarwa sai ya bar wa sa'a ko wa maɗaba'a. Wanda ya sha wahalar noma bai kamata ya yi sakaci da ranar kai amfani kasuwa ba. A nan za mu dakata, filin kuma a buɗe yake ga duk wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa.