Aron Littafi: Nazarin Yadda Labarai Ke Yawo Tsakanin Masu Karatu

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin ƙagaggun labaran Hausa, da gasa yake farawa. Zai kawo gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Daga nan sai gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC ya sa a ƙarshen shekarun 1970, inda So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980. In mai bin zamani ne, ya rufe da Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Wannan tarihin alƙalai ne, kuma yana da amfaninsa. Sai dai mafi yawan littattafan da Hausawa suka karanta a shekara arba'in ɗin nan ba alƙali ne ya zaɓa musu ba. Ƙawa ce, ko yaya, ko maƙwabciya, ko mai shagon haya a bakin layi.

Abin ya kankama ne a tsakiyar shekarun 1980. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karanta boko, a daidai lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Kurmi a Kano. Ba su da kuɗin talla, jaridu kuma ba su cika yi musu sharhi ba. Duk da haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya game ƙasar Hausa har ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Baki ne ya kai shi can.

Littafi ɗaya yakan shiga gida a hannun ɗan aike, a naɗe cikin leda. Matar da ta aika a sayo ta gama shi a dare ɗaya, washegari ya koma ɗakin abokiyar zamanta ko na matar ƙanin miji, jibi ya tsallake katanga. Da yake labarin kashi-kashi ake buga shi, na ɗaya da na biyu da na uku, sai ya zama wadda take da na ɗaya dole ta nemi mai na biyu, zumunci ya ƙullu ko da babu shi a da. A gidan kitso ake ba da labarin rabinsa a bar rabi. A gidan suna da gidan biki ake musayar littattafai a ƙarƙashin mayafi. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa har layi ake kamawa, ana karantawa da tocila bayan an kashe fitila. Kafin ya dawo hannun mai shi, in ma ya dawo, bangon ya fita, an ɗinke shi da zare.

Mai hayar littafi shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi a wannan harka. Ba ya rubuta sharhi, wataƙila ma bai karanta rabin kayansa ba, amma ya san littafin da ake mayar masa tun kafin magariba ana tsaki, ya san wanda ake riƙewa mako guda ana biyan ƙarin kuɗi ba gardama. In yarinya ta zo ta ce, "Malam, Umma ta ce a ba ta mai daɗi," ya san wace Umma ce, ya san abin da ta karɓa wancan makon. Abin da ya gani shi yake gaya wa dillali, dillali ya gaya wa marubuci, marubuci ya san inda zai sa alƙalaminsa a littafi na gaba.

Wanda ya kasa kunne ga maganganun da ake yi wajen miƙa littafi zai ga akwai ma'auni a ciki. "Yaya, kin karanta sabon na Anti Bilki?" Sunan Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, shi kaɗai ya isa shaida, kuma kiran ta da "Anti" ya nuna inda masu karatu suka ajiye ta. Sai a ji an ce wannan ya sa ni kuka, wancan an ja shi da yawa, wannan ƙarshensa bai yi ba. Amma yabon da ya fi kowane nauyi shi ne a ce "akwai darasi". Masu nazari da yawa sun ɗauki wannan magana a matsayin fakewa, wato mai karatu tana neman hujjar da za ta kare kanta a gaban miji ko uba. Ina ganin sun yi gaggawa. A dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi da mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara bayan ya ƙaro aure, ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci. Matar da ta ɗauki wannan littafi ta miƙa wa maƙwabciyarta da ke cikin irin wannan hali, ta faɗa mata abin da kunya ba za ta bari ta faɗa da baki ba. Jaje ne, shawara ce kuma. Haka malamar da ta ba ɗalibarta wani littafin Balaraba, Wa Zai Auri Jahila?, a lokacin da ake maganar cire ta daga makaranta. A nan, zaɓen wanda za a ba littafin shi ne sharhin.

A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya kare su, Ibrahim Sheme ya buɗe musu fili a shafukan adabi. Muhawara ce mai albarka, amma kusan duk a kan marubuci da abin da ya rubuta ta tsaya. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, da sunan kare tarbiyya. Waɗanda suka kunna wutar sun ɗauka yarinya ita kaɗai take da littafinta. Ba su lura cewa akwai tacewa tun a cikin gida ba: yayar da za ta ce wa ƙanwarta "wannan ba naki ba ne, bari sai kin yi aure," ta fi kowace hukuma sanin abin da ke cikin littafin da kuma wadda ke shirin karanta shi.

Ba zan ce al'adar ba ta da aibi ba. Mai ba da shawara abin da ya yi kama da wanda ka so jiya yake ba ka yau, shi ya sa ɗanɗano ke ƙuntata. Da labarin kishiya ko na attajirin saurayi ya karɓu, sai marubuta goma su bi sawu. Littattafai irin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ba su cika shiga wannan zagaye ba, an bar su a matsayin littattafan makaranta. Wannan asara ce da ke damuna ƙwarai. Marubuci ma yana da nasa kuka, domin gida guda su karance littafinsa, kuɗin kwafi ɗaya ya shiga aljihunsa.

Yanzu waya ta karɓi aikin ɗan aike. Labari na zuwa shafi-shafi ta WhatsApp, wasu kuma sauraro suke yi ana karanta musu. Shawara ta yawaita, ta yi sauri, ta kai ga Bahaushiyar da ke Kumasi ko Jidda. Abin da ya ragu shi ne sanayya. Wadda ta turo miki labari wataƙila ba ta san shekarunki ba, balle halin da gidanki ke ciki, wani yabon ma talla ce da aka biya.

Shagunan haya suna ta rufewa, masu su suna komawa sayar da katin waya da caji. Sassan nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun tara kundaye masu yawa kan jigo da salo. Ya kamata a tura ɗalibai wajen tsofaffin masu haya da matan da suka yi karatu a shekarun 1990, a tambaye su wane littafi ne ya fi yawo a unguwarsu, wa ya fara kawo shi, kuma wa aka hana.