Wasalin da ba a furtawa

Littafin addinin Sik mai tsarki, Guru Granth Sahib, shafi 1430 ne, kuma ko ɗan Funjab da aka haifa cikin harshen ba ya buɗe shi haka kawai ya ce ya gane. Guru Arjan ne ya tattara shi a 1604 a Amritsar, ya haɗa waƙoƙin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, da magadansa da na waɗansu bayin Allah da ba Sik ba, irin su Kabir masaƙi da Shaihu Farid, sufi Musulmi. Shi ya sa harshensa ya zama haɗin gambiza: tsohon Funjabi, Braj, Farisanci, ga ɓurɓushin Sanskirit. Tsofaffin kwafe-kwafen kuwa a manne ake rubuta kalmominsu, babu tazara ko ɗaya, sai mai karatu ya san inda wannan ta ƙare waccan ta fara. In ya yanka a inda ba gaɓa ba, sai ya faɗi abin da ba a ce ba.

Akwai masu wannan sana'a. Almajiri yakan zauna gaban malami ya ɗauki abin da suke kira santhiya, wato gyaran furuci da sanin wuraren tsayawa, kafin a bar shi ya taɓa ma'ana. Wanda ya yi zaman tilawa a gaban alaramma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma gwanin da ya fi burge ni shi ne Farfesa Sahib Singh, wanda aka haifa a 1892 a gidan Hindu a yankin Sialkot, ya rasu a 1977. Abin da ya tsaya masa a rai ƙaramin abu ne da dubban masu karatu suka saba tsallakewa: kalma ɗaya takan zo da rubutu iri uku. Ɗauki hukam, wadda asalinta Larabci ne, 'yar'uwar "hukunci" ɗinmu. Wani wuri a rubuta ta haka, wani wuri hukamu, wani wuri hukami, alhali yawancin masu karatu ba sa furta wasalin ƙarshen. Da yawa sun ɗauka ado ne ko son ran marubuci. Shi kuwa ya ƙi yarda. Ya bi littafin kalma bayan kalma shekara da shekaru, har ya nuna cewa waɗannan wasula aikin i'irabi suke yi: u na nuna tilo namiji, i na iya nufin "cikin" ko "ta hanyar". Ashe hukamu umarnin ne kansa, hukami kuwa zama cikin umarnin. Tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce ga mai neman sanin abin da addininsa ya ce masa.

A 1939 ya fitar da nahawunsa, Gurbani Viakaran, sannan tsakanin 1962 da 1964 ya fitar da sharhin littafin duka a mujalladi 10. Kafin shi ba a rasa sharhi ba. Malaman ɗarikar Nirmala sukan karanta baitocin da idon falsafar Hindu ta Vedanta, kuma Sarkin Faridkot ya sa an rubuta babban sharhi bayan fassarar Bajamushe Ernest Trumpp ta 1877 ta ɓata wa Sik rai. Sai dai a wancan salon malami na iya jero ma'ana uku ko huɗu ga baiti ɗaya, jama'a na jinjina masa. Sahib Singh ya ce a'a, a tambayi wasali. Ya kuma riƙe baitin da ake sa wa alamar rahao, wato "dakata", a matsayin jigon waƙa, sauran baitoci a fassara su ta fuskarsa, ba a fizgo ɗaya a gina gida a kansa ba.

Wani zai ce wannan ai sa hankali ne a inda ya kamata a sa kai ƙasa. Al'adar Sik ba ta ga haka ba. Ana ba da labarin Guru Nanak a Haridwar, inda ya tarar da mahajjata na watsa ruwan Ganga gabas domin kakanninsu, shi kuma ya juya yamma yana watsa nasa. Da suka tambaye shi, ya ce gonarsa ta Funjab yake shayarwa: in nasu zai kai lahira, nasa ba zai gaza kai Funjab ba. Kalmar akal, wato hankali, tana cikin waƙoƙinsa da yabo. Amma shi ɗin ne kuma ya buɗe waƙarsa Japji da gargaɗin cewa dabara komai yawanta ba ta kai mutum ga Mahalicci. Sahib Singh bai ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya ba. Hankalinsa ya sa shi aikin gano abin da nassi ya faɗa, ba abin da shi yake so ya faɗa ba.

Ba kowa ya bi shi ba, har gobe. Akwai makarantun gargajiya da ke furta waɗannan wasula a karatu, suna kuma riƙe da ma'anonin da suka gada baki da baki. A gurdwara ɗaya, wato ɗakin ibadar Sik, kana iya jin mai wa'azin safe ya warware baiti da nahawun Farfesa, na yamma ya warware shi da abin da malaminsa ya ji daga nasa malamin.