Ƙyallin Bambar Motar Gwangwani

Wani abokina malamin zane ya taɓa yanke wa motar gwangwani hukunci a gabana. Ya ce ba fasaha ba ce, dabara ce ta yaron da ubansa ya kasa sayo masa ta roba. Hujjarsa wai yaran ba su iya fenti ba, shi ya sa suke barin ƙarfe tsirara a bamba da fitilu. Maganar ta daɗe tana cina, domin wurin da ya ɗora yatsa nan ne gwanintar take.

Kafin gwangwani akwai motar kara da ta laka, sai ta waya da ta langa-langa, wadda ake lanƙwasawa daga ƙarfen ɗaurin dila. Gwangwani ya biyo kayan kanti ne. Madarar Peak tun 1954 take Najeriya. Fasali kuwa titi ke bayarwa: gingimari, tirela, da Peugeot 404 da 504 na kamfanin Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975. Yaron da ya tashi tsakanin Fagge da Sabon Gari ya ci riba biyu. A Kasuwar Singa tirela kan wuni a tsaye 'yan dako na sauke sukari da taliya da katon-katon ɗin tumatir, ya ƙare mata kallo gaba da baya. Mai shayin da ya sari madara a can kuma shi zai zubar masa da gwangwanin da yamma.

To, wane launi ne da kurom, ƙyallin da ke jikin bambar motar gaske? Ba shi da ko ɗaya. Siririn rufi ne da ake yi wa ƙarfe, yawanci a bisa nikel, har ya zama madubi. Ka durƙusa gaban bambar tsohuwar mota da hantsi: samanta shuɗin sama ne, ƙasanta jar ƙasar da take tsaye a kai, a tsakiya ga wani baƙin layi na inuwar gine-gine da mutane. Ka gusa, layin ya gusa. Fentin azurfa ba zai iya wannan ba, domin garin alminiyon ne a cikin ruwan fenti, kowane ɗigo na watsa haske ta nasa gefen. Idan ya bushe sai ka ga kamar an shafa wa motar toka.

Gwanin yaro ya san haka ko bai iya faɗarsa ba. Zai farka gwangwanin da tsohon almakashi, ya daddale shi a kan dakali, ya bar fuskar da ke da rubutu ta zama fentin bodi: koren Milo ga ƙofa, jan tumatir ga kai. Wurin da ya kamata ya yi ƙyalli kawai yake juyo cikin gwangwani waje, inda rufin kuza yake fes. Ba kowane ciki ne ke yi ba. Na tumatir sau da yawa an shafe shi da wani abu mai ruwan zinariya, don haka ya fi dacewa da fitila. Bamba sai cikin da yake fari.

Gogewa ma da ƙa'idarta. Rairayi yana kartar ƙarfe, ya bar zane-zanen da ke kashe sheƙi. Toka mai laushi da tsumma da ɗan yawu, su ne aikin. Sannan ba a barin bamba shimfiɗe. Ana naɗe ta a jikin ƙusa babba ko a yi amfani da leɓen gwangwanin da kansa, saboda ƙarfe mai lanƙwasa ne ke tattara haske ya zama siririn zare ɗaya mai bin ido. Abin da ya fi burge ni shi ne baƙin da ake sa mata a baya. Yaro zai tsattsaga gaban motar da ƙusa, ya cusa kwalin da ya shafe da baƙin tukunya daga ciki. Na taɓa tambayar wani yaro dalili, ya ce, "Baba, in babu baƙin ai ba ta haske." Ƙananan wurare irin su hannun ƙofa da bakin gilashi kuwa, takardar ƙyallin kwalin sigari ko bangon alminiyon da ke ƙarƙashin murfin Bournvita ake mannawa, a murje da bayan farce har ta kwanta.

Masu haɗa ƙananan motocin Tamiya na Japan, masu ma'aunin 1:24, kuɗi suke zubawa su iso wannan wuri. Fentin kurom na Alclad sai an shimfiɗa masa baƙi mai sheƙi a ƙasa kafin a fesa shi sama-sama. Bare-Metal Foil na Amurka kuwa takardar ƙarfe ce mai gam da ake murzawa a gefen gilashi. Dabara ɗaya ce da ta yaron Fagge. Masu cewa ta roba 'yar Sin ta fi kama da mota, su ba ta sati guda a hannun yaro, su ga yadda ƙyallinta ke ɓarewa ya bar farar roba. Ta gwangwani in ta tsufa tsatsa take yi, kamar ta gaske.

Ni a ganina ba wayar hannu ce ta raunana wannan sana'a ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Leda ce. Tun da Cowbell ta shigo da madarar ƙulli a 1993, kayan Singa suka riƙa ƙaura daga gwangwani zuwa 'yan ƙananan ledoji, har tumatir da Milo. Gwangwanin da ya rage kuma 'yan jari-bola na kwashewa su kai ma'auni. Cikin ledar madara yana da ƙyalli, amma ba ya tsayuwa, ba ya karɓar toka, ba ya naɗuwa a jikin ƙusa. Kwanan baya na ga wani yaro yana jan motar kwali a bayan kasuwar, tayoyinta na tsohon silifa an yanke su daidai, fitilun marfin lemo, bambar kuwa ledar madara ce an liƙe ta da zare, duk ta yamutse. Ya tsaya ya miƙar da ita da babban yatsa, ya ja gaba, ta sake tattarewa.