Bakan gizo a majami'ar Wusasa

Matafiyin da ya tashi daga Takeita, nan Garagumsa, ya bi ta Matamai da Daura da Kano har Zariya, ba safai yakan sa Wusasa cikin lissafinsa ba. Masallacin Juma'ar birni ake zuwa gani, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Alhali kuwa a bayan gari, gindin dutse, akwai majami'ar Saint Bartholomew, ginin 1929, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, ko da mai ziyarar ba Kirista ba ne.

Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zazzau tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa. A can ne, zamanin Guy Bullen, aka tayar da majami'ar da tubali da azara, bisa tsarin ginin Hausa.

Abin da ya kamata mai kallo ya lura da shi shi ne matsalar da maginin ya tarar. Masallaci faɗi yake so, domin sahu ya miƙe yana fuskantar alƙibla. Majami'a kuwa tsawo take bukata, yadda idon mai ibada zai tafi daga ƙofa har bagade. Ita kuma azara, tsagin giginya ce, ba ta da tsawon da za ta haɗa bango da bango a babban ɗaki. Maganin da magabata suka samo shi ne bakan gizo: a ɗaura azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a lulluɓe da ƙasa har hannuwan biyu su haɗu a sama. A masallacin Babban Gwani bakunan suna gittawa da juna, su ɗaga kan mutum sama. A Wusasa aikinsu raka ido gaba. A ganina ginin bai kai na Durugu ƙarfin hali ba. Amma ya nuna cewa fasahar da muka saba jingina wa fada da masallaci tana iya ɗaukar ibadar da ba domin ta aka ƙirƙire ta ba.

Nan ne zancen ya dawo gida. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, shekara biyar kafin ginin Wusasa, ya kuma tarar da magina a Birni, magadan waɗanda suka gina fadar sarki zamanin Tanimun. Duk da haka galibin majami'un ƙasarmu siminti ne da kwano, kamar dai sababbin masallatanmu, waɗanda ba su fi su kyan gani ba. Ranar 16 ga Janairun 2015, cikin fushin zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u a Damagaram tare da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, tamkar dukansu kayan Turawa ne, alhali masu ibada a ciki maƙwabtanmu ne. Ba na cewa bangon ƙasa zai hana wuta: Zariya ma ta ga ƙone-ƙonen majami'u a 1987. Sai dai zai yi wuya wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon Wusasa ya kira wurin baƙo, tun da rufin zauren kakansa ne yake gani.

Irin wannan gini yaɓe yake so da gyaran indararo kafin kowace damina. Tsohon garin Damagaram yana jerin jira na UNESCO tun 2006, Agadas ta shiga a 2013, mu kuwa muna shafa wa bangayen Birni siminti, wanda ke tsare danshi a ciki har ƙasar ta ruɓe ta zube.