Ƙafa Bakwai, Amma Sakan Nawa?

Jama'a masu sauraro, na Funtua da Malumfashi, da na Bakori da Danja da Kafur, da duk wanda muryar nan ta iske shi a bakin gona ko a bencin mai shayi. Yau za mu jingine zancen ƙwallo, domin malaman kimiyya na makarantun sakandare sun matsa mini in ce wani abu game da gasar kimiyya ta JETS, musamman jiragen nan masu saukar ungulu da yaranmu suke ƙerawa suna kaiwa gaban alƙalai. Ni kuwa duk sa'ad da aka ambaci helikwafta ƙirar ɗalibi, zuciyata ba ta zuwa ko'ina sai ga rana guda, ranar da Mubarak Muhammad Abdullahi ya kawo nasa jirgin nan jiharmu ta Katsina, ya tashe shi a gaban ma'aikatan hukuma, suka yi murna, aka watse.

Kun san labarin, ba sai na maimaita shi da tsawo ba. A watan Oktoba na 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya baza wa duniya cewa wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ɗan shekara 24, ya shafe wata takwas yana harhaɗa jirgi da tarkacen mota da na babur da kuma ragowar wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano; injinsa na Honda Civic ne mai ƙarfin doki 133, kujerunsa huɗu na tsohuwar Toyota, tsawonsa mita 12, kuɗin aikin kuwa daga gyaran kwamfuta da wayar hannu ya tara su, da gudummawar mahaifinsa. Rahoton ya ce jirgin ya tashi sau shida, bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kowane tashi kuma na ɗan lokaci ne. To, a nan ne mas'alar take, kuma a nan ne raina yake ɓaci har gobe: ɗan lokaci! Ashe a ce an tara manya, an tayar da jirgi a gabansu, an ga ƙura ta turnuƙe, amma abin da ya rage wa tarihi daga wannan rana shi ne sun yi murna, alhali kuwa abin da ake bukata a irin wannan wuri mutum guda ne mai agogo a hannu da alƙalami a aljihu, wanda zai rubuta sakan kaza, tsayi kaza, nauyi kaza, ya sa hannu, wani ya shaida?

Kada wani ya ce ina neman aibi ne a inda ya kamata a yaba. Ina bayan Mubarak ɗari bisa ɗari, kuma saboda ina bayansa ne nake jin zafin abin. Murna ba ta zama hujja a gaban masana. Wanda ya je wa injiniya da labarin cewa manya sun yi tafi, daidai yake da wanda ya je wa malamin hadisi da riwaya babu isnadi: za a saurare shi da ladabi, amma ba za a gina hukunci a kanta ba. Shi kansa Mubarak ya koka a lokacin cewa babu wanda ya zo daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ya duba aikinsa, ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, tana nan tsakanin Kano da Funtua, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba.

Da an auna, ga fa'idar da za a samu. Masana sun tabbatar cewa helikwafta idan yana kusa da ƙasa, gwargwadon faɗin farfelarsa ko ƙasa da haka, iskar da yake turawa ƙasa takan taru a ƙarƙashinsa ta zama masa kamar matashi, sai ya iya tsayawa da ƙarfin da ba zai ishe shi ba in ya ƙara sama. Saboda haka ƙafa bakwai ɗin nan ba tsautsayi ba ne, a ganina alama ce bayyananna cewa ƙarfin injin ya ƙare daidai inda taimakon ƙasa ya fara janyewa. Ku yi ƙiyasi da Robinson R22, ƙaramin jirgin da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da yawa: ƙarfin da yake tashi da shi kusan ɗaya ne da na injin Mubarak, amma mutum biyu kaɗai yake ɗauka, tsawonsa bai kai mita 9 ba, an kuma aske masa nauyi ta kowace fuska. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda yake sa iska ta yi shara-shara a watannin bazara har farfela ta rasa abin kamawa. Malami guda mai agogo da sikeli, a wannan rana ta Katsina, da ya ce masa: ɗana, cire kujera biyu, rage jela, zo mu sake gwadawa da sanyin asuba mu ga sakan nawa za a ƙara. Wannan kalma ɗaya ta fi tafi dubu.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne, kuskuren ranar nan bai mutu ba, ya haifi 'ya'ya, suna nan a kowace gasar shiyya. Na halarci wata a wannan yanki namu, ba zan faɗi makarantar ba. An jera tebura a zauren taro, ga wani helikwafta na langa-langa an shafe shi da fenti kore irin na soja, an sa masa ƙananan fitilu ja da shuɗi, an ɓoye batir a cikinsa. Da aka taɓa waya sai farfela ta juya, teburin ya yi ta karkarwa, jirgin kuwa ko ɗagawa bai yi ba, domin nauyinsa ya kai na tiyar dawa. A ƙarshen layi ga wani yaro siriri da ɗan abinsa a cikin kwalin takalmi: sillen kara ne ya fere, ya yi fikafikai da totuwa da ledar burodi, ya yanko siririyar roba daga tsohon tiyub na keke. Na tsaya a kansa ya murɗa farfelar da yatsa yana ƙirgawa a hankali, leɓensa na motsi, ya saki. Abin ya haura har kusa da silin, iskar fanka ta buge shi, ya karkace ya faɗo a kan benci. Alƙalai suna can suna ɗaukar hoto da jirgin soja. Ba wanda ya ce a kashe fanka, ba wanda ya ce yaro sake, ba wanda ya ciro waya ya danna agogon da ke cikinta. Wanda bai tashi ba shi ya ci, wanda ya tashi ya koma gida da kwalinsa.

Wallahi abin da mamaki, a ce wannan yana faruwa a ƙasar auduga! Manomin Funtua tun zamanin kakanninsa ya san ba a sayen auduga da kyan buhu, sai an ɗora a sikeli. Mai sayen masara a kasuwar Dandume ba ya biya sai an auna, in ya yi shakka ma ya soka hannu har gindin buhu. Mutanen da suka ƙware haka wajen mizani a kan abincinsu, yaya aka yi in an zo kan ilmin 'ya'yansu sai su koma hukunci da zahiri?

A Amurka akwai gasar ɗalibai da ake kira Science Olympiad, wadda a wasu shekaru takan sa helikwafta cikin fannoninta, kuma ƙa'idarta ba ta da wani sihiri. Jirgin na roba ne, babu batir, babu mai sarrafa shi daga nesa. Ana yin sa da itacen balsa marar nauyi da leda mai laushi, duka nauyinsa 'yan giram ne, kuma kafin a tashi sai an ɗora shi a sikeli an auna faɗin farfelarsa. A cikin zaure ake yi, a ba ƙungiya 'yan mintoci ta yi tashi biyu na hukunci, masu agogo su tsaya, a ɗauki wanda ya fi daɗewa. Ana kuma neman ɗalibi ya zo da littafin da ya rubuta gwaje-gwajensa na baya, murɗi nawa ya yi wa roba, tsawonta nawa, sakan nawa ya samu. Gwanayensu sukan wuce minti biyu a sama da wannan ɗan abu, kuma ba da ƙarfi suke samun haka ba, da lissafi ne: robar da aka murɗa da yawa takan fizgi jirgi ya daki silin ya ɓarnatar da ƙarfinsa tun farko, wadda ta yi kauri takan ƙare da wuri, wadda ta yi siriri ba ta ɗaga shi, farfela mai faɗi da ke juyawa a hankali kuwa ta fi ƙarama mai gaggawa tattalin ƙarfi. Duk wannan ilmi agogo ne yake koyar da shi. Yaron nan mai kwalin takalmi, da yake ƙirga murɗinsa da leɓe, ya riga ya kama hanyar ba tare da kowa ya nuna masa ba.

Kada kuma a raina roba. Wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, shi ya shahara da irin wannan abin wasa tun 1870, kuma irinsa ne mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu gida a 1878 suna yara. Da suka girma suka tashi jirginsu ranar 17 ga Disamba 1903, tashin farko sakan 12 ne, ƙafa 120, na ƙarshe a ranar sakan 59. Sakan 12, jama'a, bai kai a sha kofin ruwa a huta ba, amma da yake an rubuta shi, ga shi muna faɗinsa a Funtua bayan shekara fiye da ɗari. Haka kyautar Sikorsky ta helikwafta mai tashi da ƙarfin ƙafar mutum: tun 1980 aka gindaya sharaɗi, sakan 60 a sama, a taɓa tsayin mita 3, kada a fita daga fili mai mita 10 kowane gefe, aka shekara 33 ana faɗuwa, ɗaliban Jami'ar Maryland suka yi ta kusantowa, sai a watan Yuni na 2013 wata ƙungiya daga Toronto ta Kanada ta yi sakan 64 da mita 3.3 ta karɓi dala 250,000. Ba wanda ya yi musu gardama, domin agogo ya yi shaida.

Mu kuwa muna da namu darasin tun daga Andalus. Abbas ibn Firnas na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a shekara ta 887, an ruwaito cewa ya ɗaura fikafikai ya tashi, ya yi nisa, ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa jela ba. Amma cikakken bayanin ya zo ne daga marubuci al-Maƙƙari, wanda ya rayu bayansa da shekara wajen ɗari bakwai, babu adadin zira'i, babu ƙididdigar lokaci, shi ya sa har yau masu tahƙiƙi suke ja-in-ja a kansa. Mutanen wancan zamani dai suna da uzuri, ba su da agogon aljihu. Waɗanda suka tsaya kallon Mubarak a Katsina, a zamanin da wayar hannu ta riga ta cika aljihun ma'aikata, wane uzuri za mu ba su?

Kuma ba a ce ƙasar nan ba ta san darajar awo ba. A Kaduna sojojin sama sun fito da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018, kuma babu yadda za a yi irin wannan aiki ba tare da littafin gwaji ba. Daga ina ake so masu cika wannan littafi su fito, in tun suna aji uku na sakandare an koya musu cewa fenti ne ke cin gasa?

Saboda haka ga roƙona ga masu shirya gasar bana a shiyyar Funtua da ta Malumfashi, kuma ba ya bukatar a jira kasafi daga Katsina. A raba jirgin kallo da jirgin tashi, kowanne da rukuninsa, mai langa-langa ma yana da hakkinsa a wajen ƙira. A aro ƙaramin sikeli daga ɗakin gwaji, a rufe tagogi, a kashe fanka ko da babban baƙo zai yi gumi, a tsayar da malamai uku da wayoyinsu, a ɗauki lokacin tsakiya, a rubuta a allo kowa ya gani. Malamin da ya yi haka a makarantarsa, ya aiko mini da takardar nan gidan rediyo, da sunan makaranta da murɗin roba da sakan ɗin da aka samu, ko da sakan tara ne. Zan karanta ta a wannan fili kafin sakamakon ƙwallo.