3.4 Jigon Rabuwa da Karɓuwar Waƙar "He Stopped Loving Her Today"

A wannan sashe za a dubi waƙar da George Jones ya rera, wadda ta fito a shekarar 1980, tana kuma cikin fitattun waƙoƙin kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar kudancin Amurka. Bobby Braddock da Curly Putman ne suka rubuta ta, Billy Sherrill kuma ya jagoranci ɗaukar ta a faifai a birnin Nashville.

Jigon waƙar shi ne rabuwar masoya. Idan aka warware shi, labari ne na wani mutum da masoyiyarsa ta tafi ta bar shi, ya yi shekara da shekaru yana adana hotonta da tsofaffin wasiƙu, yana sa ran dawowarta. Wani na kusa da shi ne yake ba da labarin. Sunan waƙar yana sa mai sauraro ya zaci mutumin ya gaji ya haƙura, alhali kuwa ranar da ya daina son nata ita ce ranar da ya rasu. Marubutan ba su faɗi haka ƙarara ba. Sun jinkirta amshi har sai da baitoci suka yi nisa, sannan suka bar alamomin jana'iza su isar da saƙon. A ganin mai wannan nazari, wannan jinkiri shi ne ƙashin bayan waƙar, domin da an bayyana rasuwar tun farko, da sauran baitocin sun zama kukan makoki kawai.

Sai dai waƙar ba ta rasa rauni ba. Macen ba ta da murya ko kaɗan. Ba a faɗi dalilin tafiyarta ba, sai dai a gan ta ta zo ganin gawa, a wani ɓangare da Jones ya faɗa da magana maimakon rerawa. Don haka mai sauraro yana yanke mata hukunci ba tare da ya ji ta bakinta ba. Haka kuma gogen Turawa da aka cika a ƙarshe ya ɗan yi yawa, kamar ana tilasta wa mutum hawaye.

Ta fuskar kasuwa, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard a watan Yuli na 1980, bayan Jones ya yi shekaru bai kai wannan matsayi da waƙar da ya rera shi kaɗai ba. Shi kansa da farko bai so ta ba, yana ganin baƙin cikinta ya yi yawa. A lokacin shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, aurensa da mawaƙiya Tammy Wynette kuma ya mutu tun 1975, kuma ba mamaki masu sauraro sun riƙa jin rayuwarsa a cikin muryarsa.

Abin lura shi ne mako ɗaya tak ta yi a saman jadawalin. Duk da haka ta samo masa lambar Grammy, ƙungiyar CMA kuma ta zaɓe ta waƙar shekara sau biyu, a 1980 da 1981. Da Jones ya rasu a watan Afrilu na 2013, Alan Jackson ya rera ta a wajen jana'izarsa, ta kuma sake shiga jadawalin bayan shekara 33.